Ziyarar Gidan Sufaye na Alcobaça da Kaburburan Sarakunan Fotugal: Tambayoyi da Amsoshi

Alcobaça, wanda ake furtawa kamar "Alkobasa", ƙaramin gari ne a tsakiyar ƙasar Fotugal, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka arewa da Lisbon. Gini ɗaya ne ke jawo baƙi zuwa garin, wato tsohon gidan sufayen Kirista wanda cocinsa ya haura shekara 770 a tsaye. A cikinsa Sarki Pedro na Ɗaya yake kwance, ga kuma matar da ya so, Inês de Castro, wadda mahaifinsa ya sa aka kashe. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1989. Ga amsoshin tambayoyin da mai niyyar zuwa ya kamata ya sani tun daga gida.

Wa ya kafa wurin, kuma don me?

Sarkin Fotugal na farko, Afonso Henriques, shi ya ba da filin a 1153 ga ɗariƙar sufayen Cister, ta hannun babban malaminsu Bernard na Clairvaux da ke Faransa, wanda ya rasu a cikin wannan shekarar. Labarin da ake bayarwa a wurin shi ne sarkin ya yi alwashin gina gidan idan ya ci garin Santarém da yaƙi, kuma ya ci shi a 1147. Daga hannun Musulmi ya ƙwace shi, domin a wancan zamani kudancin Fotugal na yanzu yana cikin Andalus. A shekarar dai ya karɓi Lisbon.

Bayan alwashi akwai lissafin mulki. Sabuwar masarauta ce da ke neman Fafaroma ya amince da ita, kuma Bernard mutum ne da ake jin maganarsa a Roma. Sannan ƙasar da aka ci da yaƙi tana bukatar masu share daji, masu noma, masu kafa ƙauyuka. Sufayen nan kuwa gwanayen wannan aiki ne. Sun yashe fadamu, sun ja ruwa zuwa gonaki, sun dasa lambunan 'ya'yan itace, har yau kuma tuffar Alcobaça ta yi suna a Fotugal.

An fara ginin da ake gani yanzu a 1178. Sufaye sun tare a 1223, aka keɓe cocin don ibada a 1252.

Wane irin zama sufayen suke yi?

An kafa ɗariƙarsu a Cîteaux ta Faransa a 1098, da nufin komawa ga tsauraran ƙa'idojin zuhudu: addu'a, aikin hannu, ƙarancin magana, ƙarancin abinci. Farin tufafi suke sawa, ba sa aure, kuma sukan tashi cikin dare don addu'a tun gari bai waye ba. Bernard ya ƙyamaci ado a wurin ibada, yana ganin zane-zane da gumakan ƙawa suna ɗauke hankalin mai addu'a. Ka riƙe wannan a zuciya, domin shi ne mabuɗin fahimtar ginin.

Da tafiya ta yi nisa gidan ya zama ɗaya daga cikin mafi arziki a ƙasar, da garuruwa da tashoshin ruwa a ƙarƙashin ikonsa, kuma zuhudun farko ya sassauta. Wanda ya ga girman kicin ɗinsu ba sai an faɗa masa ba.

Ana cewa ginin na salon Gotik ne. Me ake nufi, kuma me zan gani?

Gotik salon gini ne da ya ɓullo a Faransa wajen 1140, a cocin Saint-Denis kusa da Faris. Alamominsa su ne baka mai tsini a sama, da rufin dutse wanda haƙarƙarinsa ke giciye da juna suna sauke nauyi kan ginshiƙai, yadda gini zai yi tsawo ba tare da bango ya yi kauri fiye da kima ba. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ga yadda bakan gizo ke haɗuwa su riƙe rufi, zai gane dabarar nan take, sai dai a nan da dutse aka yi ba da ƙasa da azara ba. Cocin Alcobaça shi ne babban gini na farko da aka yi gaba ɗaya da wannan salo a Fotugal.

Kada fuskar ginin ta ruɗe ka. Hasumiyoyi biyu da adon da ke gaba an yi su ne a farkon ƙarni na 18, da wani salo daban mai yawan ƙawa. Ƙofar shiga mai tsini da zagayayyar tagar da ke samanta su kaɗai suka rage daga asali. Sai ka tsallake dokin ƙofa za ka ga ainihin abin: zaure mai tsawon fiye da mita 100, tsayinsa kimanin mita 20, siriri, na farin dutse, babu fenti, babu zinariya, sai ginshiƙai a jere suna jan idonka zuwa gaba. Hanyoyin gefe biyu kusan tsayinsu ɗaya da na tsakiya, shi ya sa wurin ya fi kama da dogo fiye da yadda yake. Shawarata ita ce ka tsaya nan bakin ƙofa na ɗan lokaci kafin ka nufi kaburbura. Masu zuwa cikin ayari sukan wuce da sauri, su rasa abin da magina suka shekara saba'in suna yi.

Su wane ne Pedro da Inês?

Pedro ɗan Sarki Afonso na Huɗu ne kuma magajinsa. An aura masa Constança Manuel, 'yar babban gida daga masarautar Kastil da ke cikin Sifaniya ta yanzu, auren siyasa irin na sarakuna. A cikin matan da suka rako amarya akwai Inês de Castro, 'yar wani basarake daga yankin Galisiya da ke arewa da Fotugal. Ita ce ta shiga ran yarima. Constança ta haifa masa ɗa, Fernando, a 1345, ba ta yi tsawon rai ba bayan haka. Da ta rasu Pedro ya ƙi kowace matar da aka kawo masa, ya zauna da Inês a fili, suka haifi 'ya'ya, uku daga cikinsu suka rayu: Beatriz, João da Dinis.

Abin da ya tayar da hankalin fada ba soyayyar ba ce. 'Yan'uwan Inês maza, Álvaro da Fernando de Castro, manya ne a rikicin sarautar Kastil, kuma sun samu shiga wurin yarima. Fadawa suka ji tsoron abu biyu: a jawo Fotugal cikin yaƙin maƙwabta, ko kuma wata rana 'ya'yan Inês su ture Fernando daga gadon sarauta. Sarki ya saurare su. Ranar 7 ga Janairu 1355, Pedro ba ya gida, aka kashe Inês a birnin Coimbra. Mutum uku tarihi ya riƙe sunansu a wannan aika-aika: Pêro Coelho, Álvaro Gonçalves da Diogo Lopes Pacheco.

Pedro ya ɗaga takobi a kan mahaifinsa, ya yi ɓarna a arewacin ƙasar, har sai da mahaifiyarsa Sarauniya Beatriz ta shiga tsakani aka yi sulhu a cikin wannan shekara, ya kuma yi alkawarin yafe wa waɗanda ke da hannu. Afonso ya rasu a 1357, Pedro ya hau gado, alkawari ya bi ruwa. Ya yi musayar 'yan gudun hijira da sarkin Kastil, inda makasan suka gudu, aka miƙo masa Coelho da Gonçalves, Pacheco ya tsere. Marubucin tarihin fada Fernão Lopes, wanda ya rubuta labarin a ƙarni na 15, ya ce a Santarém aka kashe su, aka zaro zuciyar ɗaya ta ƙirji, ta ɗayan ta baya, sarki yana kallo. Lopes ɗin kansa bai yaba wa sarki kan karya alkawarin ba, ni ma ban ga abin yabo ba. An zalunci Inês, wannan ba shakka, amma masu sayar da labarin a matsayin tsantsar soyayya sukan tsallake wannan ɓangare, kuma bai kamata a tsallake shi ba.

A 1360, a garin Cantanhede, Pedro ya rantse a gaban shaidu cewa ya auri Inês a asirce a Bragança shekaru kafin a kashe ta. Masana har yau suna jayayya kan ko an ɗaura wannan aure. Manufar dai a bayyane take: ta zama matar sarki ta halal, 'ya'yanta su zama 'ya'yan sunna. Daga nan ya sa aka tono gawarta daga Coimbra aka kawo Alcobaça. Lopes ya ce duk tsawon hanyar mutane ne a jere gefe da gefe riƙe da kyandira a kunne.

Da gaske ne an zaunar da gawarta a kan karaga, fadawa suka sumbaci hannunta?

Wannan shi ne labarin da ya fi yawo, kuma za ka iya jin sa daga bakin masu zagayawa da baƙi. Ba ya cikin tarihin da Fernão Lopes ya rubuta, alhali shi bai ɓoye munanan abubuwan Pedro ba. Sai bayan fiye da shekara 200 ya bayyana, a wasannin kwaikwayo na ƙarni na 16. Abin da ke tabbatacce kana iya ganinsa da idonka: siffar Inês da aka sassaƙa a kan kabarinta tana sanye da kambin sarauta. A dutse aka naɗa ta.

To me zan duba a jikin kaburburan?

Akwatuna ne biyu manya na farin dutse, na Inês a hannun hagu idan ka doshi gaban coci, na Pedro a dama. An sassaƙa su wajen 1360, kuma ba a san sunan gwanin da ya yi aikin ba. Ana lissafa su cikin mafi kyawun sassaƙar wannan zamani a Turai baki ɗaya. Abin lura shi ne inda aka ajiye su: coci na mutanen da suka haramta wa kansu ado, sai ga dutse biyu da babu tazarar tafin hannu a jikinsu da ba a yi wa aiki ba.

Fara da na Inês. Tana kwance a sama, mala'iku shida kewaye da ita, wasu na tallafe da kanta, wasu na gyara mata tufafi. Sunkuya ka dubi abin da ke ɗauke da akwatin: halittu masu fuskar mutum da jikin dabba, waɗanda aka saba cewa makasanta ne aka siffanta, an danne su ƙarƙashin nauyinta har abada. Gefunan suna nuna rayuwar Yesu kamar yadda Kirista suka ruwaito ta. A wajen ƙafafunta kuma aka sassaƙa ranar hisabi: matattu na ɗaga murafen kaburburansu suna fitowa, wasu na hawa sama, wasu ana jefa su cikin bakin wani dodo da ke wakiltar wuta. Mutanen ƙanana ne ƙwarai, sai ka matso.

Na Pedro zakuna ne ke ɗauke da shi, takobinsa a hannu, kare a ƙafafunsa. Gefunan suna ba da labarin Bartholomew, waliyyin da sarkin ya riƙa. Amma inda ya kamata ka daɗe shi ne wajen kansa. A can aka sassaƙa wata da'ira mai zobe biyu, na waje mai gida 12, na ciki mai gida 6, kowane gida da ɗan ƙaramin hoto. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga Inês tana lallashin ɗanta, za ka ga su biyun zaune suna wasan dara irin ta Turawa, sannan hotunan su juya: an kama ta, an sare mata kai, an hukunta makasa. A can ƙasa ga sarki naɗe cikin likkafani, tare da wani gajeren rubutu da aka saba fassarawa da "har ƙarshen duniya". Abin da ke taɓa zuciya a nan shi ne Pedro yana raye aka yi wannan aiki. Shi da kansa ya sa aka rubuta kisan matarsa a kan dutsen da zai kwanta a ciki, a cocin da ake binne kakanninsa, inda duk mai zuwa zai gani. Ya rasu a 1367.

An ce an ajiye su ƙafa da ƙafa don su fara ganin juna ranar tashin ƙiyama. Haka ne?

Haka suke a yau, suna fuskantar juna daga ɓangarori biyu na cocin. Amma ba Pedro ne ya tsara hakan ba. Da farko gefe da gefe aka ajiye su a ɓangare ɗaya, daga baya aka mayar da su wani ɗaki, sai a shekarun 1950 aka kawo su inda suke yanzu.

Me ya farfasa gefen kaburburan?

Sojojin Faransa na zamanin Napoleon, a mamayar da suka kai Fotugal a 1810 zuwa 1811. Sun fasa akwatunan suna neman dukiya, suka wawashe gidan, suka cinna wa wani sashe wuta. Wuraren da aka toshe da dutse marar sassaƙa su ne tabon wannan ɓarna. Kafin su girgizar ƙasa ta 1755 da wata babbar ambaliya a 1772 sun riga sun taɓa ginin. Ƙarshen zaman sufaye ya zo ne lokacin yaƙin basasar Fotugal: sun fice a 1833, gwamnati ta rushe ɗariƙun sufaye maza a duk ƙasar a 1834. Yawancin tsofaffin littattafansu na rubutun hannu da suka tsira suna babban ɗakin karatu na ƙasa a Lisbon.

Akwai wasu sarakunan a wurin?

Akwai. Afonso na Biyu, wanda ya rasu a 1223, da Afonso na Uku, wanda ya rasu a 1279, suna ɓangaren da Pedro yake, cikin kaburbura marasa ado. Kusa da su akwai ɗakin da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, inda aka tara akwatunan dutse na sarauniyoyi da 'ya'yan sarki na ƙarni na 13.

Ban da coci, me ya cancanci kuɗin tikiti?

Farfajiyar da ake kira ta Shiru, wadda Sarki Dinis, kakan Pedro, ya sa aka gina daga 1308 zuwa 1311, aka ƙara mata bene a ƙarni na 16. Nan ne tsakiyar rayuwar gidan, duk ɗakuna nan suke buɗewa. A gefe ɗaya akwai ɗan rumfar dutse mai maɓuɓɓugar ruwa inda sufaye ke wanke hannu kafin cin abinci, tana kallon ƙofar ɗakin cin abincin. A cikin ɗakin ka nemi matakalar da aka huda cikin kaurin bango, mai ƙananan bakuna, wadda ke kaiwa ga mumbarin dutse. Daga nan mutum ɗaya ke karanta littafi da ƙarfi, sauran na ci ba mai cewa uffan. Akwai kuma wata siririyar ƙofa da ake raha cewa duk sufin da ya kasa wucewa ta cikinta sai ya yi azumi. Labarin baka ne kawai.

Kicin ɗin na ƙarni na 18 ne, an lulluɓe bangonsa da tayil mai sheƙi. A tsakiya akwai bututun hayaƙi mai tsayin kusan mita 18 a kan ginshiƙan ƙarfe takwas, murhun da ke ƙarƙashinsa zai gasa sa sukutum. A ƙarshen ɗakin ruwa ne ke shigowa cikin wani kwarmi, an janyo shi ta magudana daga kogin Alcoa. Wannan aikin ruwa, a ganina, ya fi girman murhun nuna ko su wane ne mutanen nan.

Sai Zauren Sarakuna, mai mutum-mutumin sarakunan Fotugal da sufaye suka yi da yumɓu, da shuɗin tayil da ke ba da labarin kafa gidan, da wata ƙatuwar tukunya da aka ce ganima ce daga sojojin Kastil a yaƙin Aljubarrota na 1385.

Ni Musulmi ne. Akwai matsala in shiga?

Daga ɓangaren masu kula da wurin babu. Ba a tambayar addinin kowa, mace mai hijabi za ta shiga kamar kowa. Sai dai ka sani cocin har yanzu ana ibada a cikinsa, akwai gumaka da siffofin mutane, har da siffar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a jikin kabarin Inês. Malamai sun yi magana kan shiga irin waɗannan wurare kuma fahimtarsu ta bambanta, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya. Idan ka tarar ana ibada, ka jira a gama, ka rage murya, ka ajiye ɗaukar hoto. Game da salla, ka tsara lokacinka daga Lisbon. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da Praça de Espanha, ba nisa da tashar motar da za ka hau.

Yaya ake zuwa, kuma awa nawa zan ware?

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana bukatar bizar Schengen don shiga Fotugal. Daga Lisbon hanya mafi sauƙi ita ce bas ɗin Rede Expressos daga tashar Sete Rios, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma daga tashar Alcobaça da ƙafa za ka ƙarasa. Jirgin ƙasa ba ya shiga garin, tashar da ta fi kusa tana Valado dos Frades, sai ka nemi wata motar.  Ana biyan kuɗin tikiti don shiga farfajiya, kicin da sauran ɗakuna. Farashi da lokutan buɗewa suna sauyawa, ana kuma rufewa a wasu ranakun bukukuwa kamar 1 ga Janairu, 1 ga Mayu da 25 ga Disamba, saboda haka ka duba shafin wurin a intanet kafin ka kama hanya. Awa biyu za su ishe ka. Da safe da zarar an buɗe ya fi, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Ka riƙe rigar sanyi ko da lokacin zafi ne, cikin ginin akwai sanyi.

Abinci fa?

A nan sai an kula. Abincin da garin ya shahara da shi, "frango na púcara", kaza ce da ake dafawa a tukunyar ƙasa, amma da giya da naman alade ake haɗa ta. "Ginja" da ake tallatawa a shaguna ita ma giya ce. Kayan zaƙin da aka gada daga gidajen sufaye, irin su "cornucópias", da gwaiduwar ƙwai da sukari ake yin su, sai dai wasu ana sa musu kitsen alade, wanda suke kira "banha". Ka tambaya kafin ka saya. Gasasshen kifi shi ne mafita, kuma garin masunta na Nazaré yana bakin teku, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Idan ina da sauran lokaci, ina zan ƙara?

Batalha, kimanin kilomita 20 daga Alcobaça. Labarin ma a haɗe yake. Bayan mutuwar Inês, Pedro ya haifi ɗa da wata mata, Teresa Lourenço. Wannan ɗa, wanda ba na Constança ba kuma ba na Inês ba, shi ya zama Sarki João na Ɗaya a 1385, ya ci Kastil a Aljubarrota, ya gina gidan sufaye na Batalha don godiya. 'Ya'yan Inês da aka zubar da jinin uwarsu saboda tsoronsu, babu wanda ya hau karagar Fotugal a cikinsu.

A Batalha João yana kwance da matarsa Philippa 'yar Ingila a kabari ɗaya, hannunsa riƙe da nata, 'ya'yansu kewaye da su a jikin bango. Cikinsu akwai Henrique, wanda ya ɗauki nauyin jiragen da suka fara bin gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a ƙarƙashin ikonsa aka raba bayin da aka kamo daga Afirka a garin Lagos na Fotugal a 1444. Ɗan Afirka da ya tsaya gaban wannan kabari ya cancanci ya san wanda ke ciki. Akwai bas tsakanin garuruwan biyu, amma ba ya yawaita, musamman Asabar da Lahadi. Idan kana son haɗa su a yini ɗaya ka koma Lisbon da dare, ka duba lokacin motar ƙarshe tun da safe, ko ka yi ciniki da mai tasi a dandalin da ke gaban cocin Alcobaça.